Ganin Lokotoro Ta Waya: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce, daga Maraɗi fiye da 650, daga Tawa kuwa fiye da 500. Duk wanda ya taɓa raka majinyaci a kan wannan hanya ya san abin da take ci: kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, masauki gidan dangi ko na haya, shago a kulle ko buro babu kowa har kwana huɗu ko biyar, sa'an nan ga jijjigar hanya ga jikin da dama ba shi da ƙarfi. Sau da yawa kuma abin da aka je nema bai wuce zaman minti goma sha biyar ba a gaban lokotoron zuciya ko na ƙoda, ya duba takardun awo, ya ce a ci gaba da shan magani, a komo bayan wata uku. Sabili da haka ba abin mamaki ba ne da ƴan kasuwa da ma'aikatan gomnati suka yi na'am da wata sabuwar hanya, watau ganawa da lokotoro ta wayar salula ko ta kwamfuta, majinyaci yana zaune ɗakinsa, lokotoro yana buronsa, suna ganin juna suna jin juna.

Amma fa sauƙin da ke cikin wannan hanya yana sa mutane sakaci. Wanda zai tafi Yamai yakan kwana biyu yana shiri, yana tattara takardu, yana neman ɗan rakiya. Wanda za a kira ta waya kuwa sai ƙararrawa ta same shi tsakiyar kasuwa yana ciniki, ko cikin taron suna, ya fita ƙofar gida yana ɗaga waya sama yana neman rezo. Minti goma sha biyar ɗin nan su ƙare a banza, an biya kuɗi, an kuma yanke shawara kan lafiyar mutum bisa labarin da bai cika ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan tafiya ce, ko da ƙafa ba ta taka ƙasa ba.

Asalin abin

Duba majinyaci daga nesa ya girmi wayar da ke aljihun mutane yanzu. A shekarar 2001 asibitocin jami'ar Janeba ta ƙasar Suwis da likitocin Mali suka kafa wani tsari na musayar ilimi da shawara ta intanet, wanda aka sani da sunan RAFT, daga baya ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama masu aiki da Faransanci, har da Nijar. A farkon lamarin magana ce tsakanin ma'aikatan lafiya su ya su: lokotoron ƙauye ya aika hoton awo zuwa ga ƙwararre a babban birni, ya sami amsa, ya yi wa majinyacinsa magani ba tare da an ɗauke shi ba. A Faransa, tun watan Satumba na 2018 asusun inshorar lafiya na ƙasa ya soma biyan kuɗin ganawa ta bidiyo kamar yadda yake biyan ta ido da ido. Sa'an nan annobar korona ta zo, ta shigo Nijar a watan Maris na 2020, aka rufe iyakoki, aka tsai da jiragen sama, aka killace Yamai na wani lokaci. Waɗanda suka saba zuwa Tunisiya, Masar, Turkiyya ko Indiya neman magani suka rasa hanya, dole suka koma ga waya. Annoba ta wuce, al'adar ta zauna.

A ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000, wadda ba ta da ko lokotoro ɗaya cikakke ga kowane mutum dubu goma, kuma mafi yawan ƙwararrunta suna Yamai, wannan hanya tana da amfani ƙwarai. Iri uku aka fi gani. Akwai inda majo na gidan likita ko lokotoron asibitin gunduma yake zaune tare da majinyaci, su kira ƙwararre tare. Akwai inda lokotoron da ya riga ya duba mutum hannu da hannu yake kiransa domin bin sawun magani. Akwai kuma inda mai hali yake ganawa da asibitin wata ƙasa kafin ya sayi tikitin jirgi, ko bayan ya dawo daga aiki. Na farkon ya fi kowanne inganci, domin akwai hannun ma'aikaci kusa da majinyaci. Sauran biyun su ne suke buƙatar shiri mai yawa.

Abin da lokotoro ya rasa

Idan majinyaci ya shiga buron lokotoro, tun kafin ya buɗe baki an fara duba shi. Lokotoro yana kallon yadda yake tafiya, yadda yake numfashi bayan ya hau matakala, launin idonsa da tafin hannunsa. Yana danna ciki ya ji inda ke da tauri, ya danna ƙafa ya ga ko yatsa ya bar rami, ya sa abin sauraro ya ji zuciya da huhu. Ta waya duk wannan ya tafi. Abin da ya rage masa shi ne fuska cikin ɗan gilashi, da murya mai yankewa, da abin da aka gaya masa. Watau majinyaci da iyalinsa su ne za su zama hannun lokotoro, su auno masa abin da da kansa zai auna, su nuna masa abin da da kansa zai gani. Shirin ganawa ta waya gaba ɗayansa a nan ya tattara: lambobi, takardu, magunguna, da gaskiya.

Lambobi

Mai hawan jini, wanda aka fi sani da tansiyo, kada ya dogara ga awo guda da aka yi masa makon jiya a farmasi yana tsaye cikin rana. Ƙa'idar da likitocin Faransa suke koyarwa mai sauƙin riƙewa ce: awo uku da safe kafin shan magani da karin kumallo, awo uku da dare kafin kwanciya, kwana uku a jere, da tazarar minti ɗaya ko biyu tsakanin awo da awo. Mutum ya zauna kan kujera minti biyar tukuna, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a kan tebur daidai da ƙirji, ba ya magana. Kada ya ci goro, kada ya sha shayi ko kafe ko taba cikin rabin awa kafin awon, domin dukansu suna ɗaga lamba. A rubuta kowane awo cikin littafi da ranarsa da lokacinsa, mai kyau da marar kyau, kada a zaɓi masu daɗin ji kaɗai. Wanda ba shi da na'ura a gida sai ya je gidan likita mafi kusa kwana biyu ko uku kafin ranar, a auna shi, a rubuta masa cikin karne.

A nan akwai wani tarko da ya kamata ɗan kasuwa mai yawon ƙasashe ya sani. A Nijar ana cewa tansiyon wane 14 da 9. Lokotoron Indiya ko na Kano zai ce 140 da 90, kuma abu guda ne, shi ne iyakar da ake fara kiran hawan jini idan an auna a asibiti. A gida iyakar takan sauko zuwa 135 da 85. Haka nan sukari. Takardar awo ta Yamai ko Maraɗi takan nuna giram cikin lita, inda 1,26 bayan awa takwas ba a ci kome ba take nuna alamar ciwon sukari. Na'urar da aka sayo Dubai ko Kano tana iya nuna 126, wata kuma ta nuna 7, alhali jini guda ne, ma'auni ne ya bambanta. Wanda ya ce wa lokotoro sukarinsa 7 ne, ko 2 ne, bai faɗi ma'aunin ba, ya bar shi cikin duhu, domin 2 a wani ma'auni hawa ne mai yawa, a wani kuma faɗuwa ce mai iya sumar da mutum. Maganin wannan shi ne a ɗauki hoton fuskar na'urar yadda ƙananan haruffan da ke gefen lamba za su fito, a aika.

Sauran lambobin ba su da wuya. Zafin jiki a auna shi da ma'auni, kada a ce kawai jiki da ɗumi. Daga 38 zuwa sama zazzaɓi ne. Nauyi a hau sikeli a faɗi kilo, musamman ga yaro, domin da nauyinsa ake lissafa yawan maganinsa, da kuma mai ciwon zuciya ko ƙoda, wanda ƙarin kilo biyu cikin kwana kaɗan yana iya zama ruwa ne ya taru. Idan lokotoro ya riga ya rubuta awon jini ko na fitsari, a yi shi da wuri yadda sakamako zai fito kafin ranar. Ganawa ba tare da sakamakon da aka nema ba rabin ganawa ce, kuma kuɗinta cikakke za a biya.

Takardu da faranti

Majinyacin Nijar shi ne ma'ajin tarihin ciwonsa. Karne yana hannunsa, takardun magani suna cikin akwati, hotunan radiyo suna ƙarƙashin katifa, wasu sun tafi da ruwan damina. Kwana biyu kafin ganawa ya kamata a fito da su duka, a jera su bisa kwanan wata, a ɗauki hoton kowace takarda a shimfiɗe kan tabarma cikin hasken rana, kusurwoyi huɗu a bayyane, suna da kwanan wata suna karantuwa. Hoton radiyo a manna shi jikin taga mai haske ko farin gilashin kwamfuta, a kashe fitilar waya, sa'an nan a ɗauka. Idan hoton sikana ne, abin da ya fi shi ne a roƙi faifan da asibiti ke bayarwa tare da rahoton da aka rubuta, domin hoton waya ba ya nuna duk abin da ƙwararre yake nema. Mai aikawa ta WhatsApp ya sani manhajar tana matse hoto ta rage kyansa, sai dai idan an aika shi a matsayin takarda. A aika tun jajibiri, domin lokotoro ya sami damar dubawa kafin a gaisa.

Idan ciwon na fata ne, ko ƙurji, ko gyambo a ƙafar mai sukari, a ɗauki hoto biyu da rana, ɗaya daga nesa yadda za a gane wurin a jiki, ɗaya daga kusa, a aje ƙwandalar dala ashirin a gefe domin a san girmansa.

Sa'an nan a ɗauko faranti a zuba duk abin da majinyaci yake sha, kowane cikin kwalinsa. Faɗin cewa ana shan wata ƴar farar ƙwaya da safe da ja da dare ba ya amfanar kowa. Magani guda yana da sunaye da yawa na kasuwa: Doliprane, Efferalgan da Panadol duk parasitamol ne, kuma wanda ya haɗa su yana zaton magani uku yake sha yana iya lahanta hantarsa. Sunan asali, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa ƙarƙashin babban suna, tare da lambar ƙarfinsa, shi ne abin da lokotoron kowace ƙasa zai gane.

Farantin nan kuma bai cika ba sai an sa abin da ba lokotoro ne ya rubuta ba. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye wurin ƴan tebur da masu yawo da magani a ka, irin su diklofenak da ibuprofen, suna ɗaga tansiyo, suna cin ciki, suna wahalar da ƙoda. Ƙwayoyin ƙiba da wasu mata suke sha, waɗanda galibi dangin kortizon ne, suna ɗaga sukari da tansiyo baki ɗaya. Jiƙo, da tsimi, da garin magani, da kanwar da ake sha domin ciki, duk a ambace su, a nuna su. Lokotoro ba alƙali ba ne, ba zai ci kowa tara ba. Idan bai san da su ba, zai yi ta neman dalilin lalacewar awo inda ba ya nan.

«Da sauƙi»

Mafi wuyar shiri ba ya cikin akwati ko faranti, yana bakin majinyaci. Tarbiyyar Bahaushe ta hana shi kuka da ciwo. In an tambaye shi jiki, amsa ɗaya ce, da sauƙi, ko da kwana ya yi bai runtsa ba. A buron asibiti lokotoro yana jin da sauƙi, yana kuma ganin kumburin ƙafa, sai ya bi abin da idonsa ya gani. Ta waya kuwa da sauƙin nan ita kaɗai ce za ta isa gare shi.

A ɗauki misalin wani Alhaji mai fataucin albasa daga Galmi zuwa Kwatanu da Abijan, wanda aka sa wa maganin tansiyo a Tunis, aka ba shi ranar ganawa ta bidiyo bayan wata uku. Alhaji ba ya jin Faransanci, sai ya kira ɗansa ɗan lise ya zama tafinta. Minti uku na farko suka tafi wajen gaisuwa.

«Baba, lokotoro yana tambaya yaya jiki.»

«Ka ce mishi da sauƙi, mun gode Allah.»

«Ya ce ana shan maganin kullum?»

«Ana sha.»

Alhali Alhaji ya bar shan ƙwaya ɗaya tun wata biyu da suka wuce, sabili da ya lura tun da ya fara ta ƙarfinsa ya ragu wajen iyali, abin da wasu magungunan tansiyo sukan jawo, kuma sau da yawa ana iya musanya su da wasu. Wannan magana ba ta fita daga bakin uba zuwa kunnen ɗa. Lokotoro ya ga lambobi sun hau, ya ɗauka magani ne ya yi kaɗan, sai ya ƙara ƙarfin ƙwayar da ba a sha, ya daɗa wata a kai. In Alhaji ya ci gaba da ƙin sha, jininsa yana nan sama, shanyewar ɓarin jiki tana jiransa. In kuma wata rana tsoro ya kama shi ya haɗiye duka lokaci guda, jiri ya kayar da shi. Babu wanda ya yi nufin sharri cikin su ukun, kunya ce da rashin shiri.

Haka abin yake, har ya fi, ga mata. Maigida ne yake riƙe da waya, shi ne yake amsa tambayar da aka yi wa matarsa, ita tana gefe da lulluɓi tana gyaɗa kai. Zancen jinin al'ada, da ɓari, da ƙaiƙayi, da ƙullutu a mama, da maganin tazarar haihuwa, ba ya fitowa a gaban miji da suruka da yara. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ciwo ma mai shi ne ya san inda yake cizo. Maigidan kirki zai haɗa kiran, ya gaisa da lokotoro, ya miƙa waya, ya fita tsakar gida har a kira shi.

Sabili da haka zaɓen tafinta yana cikin manyan shirye-shirye. Wanda ya fi dacewa shi ne ma'aikacin lafiya, majo ko ungozomar asibiti, domin ya san kalmomin aikin, kuma rufin asirin majinyaci wajibi ne a kansa. In bai samu ba, namiji ya nemi aboki sa'arsa, mace ta nemi ƴar'uwa ko ƙawar da ba ta jin nauyinta. A gaya wa tafinta tun farko aikinsa ya juya magana yadda take, kada ya rage, kada ya gyara, kada ya amsa da kansa. Ma'aikacin gomnati mai jin Faransanci shi ma kada ya ruɗi kansa idan asibitin Indiya ne, inda Ingilishi ake yi. Ya tambaya tun wuri ko suna da tafinta.

Daɗin daɗawa, a rubuta labarin ciwon a takarda guda tun daren jiya: yaushe ya fara, a ina yake, yaya yake ji, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi, me aka sha, wane magani ne jiki ya taɓa ƙi, wane aiki aka taɓa yi, ko akwai ciki ko shayarwa, wane ciwo ne ke bin gidan. A ƙasa a rubuta tambayoyi uku mafi muhimmanci, a fara da wadda ta fi tsaya wa mutum a rai, ko da ita ce ta fi nauyin faɗi. Mai sukari ko tansiyo da azumi ke gabatowa ya sa zancen azumi cikin tambayoyinsa. Gaisuwa ta zama gajera, lokotoro ba zai ɗauke ta rashin ladabi ba.

Rezo, wuta da agogo

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya kai ƙarshe, ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce a kowane gari. A cika batirin waya tun dare, a tanadi ta biyu mai layin wani kamfani dabam, domin in rezon wannan ya faɗi na wancan ya tsaya. Bidiyo yana cin kuɗin intanet fiye da murya nesa ba kusa ba, a sayi isasshe. Kwana guda kafin ranar a gwada kiran wani ɗan'uwa ta manhajar da za a yi amfani da ita, a ɗakin da za a zauna, a daidai lokacin da aka sa. A kuma yi alkawari da sakataren lokotoro: in hoto ya yanke, wa zai kira wa, kuma a wace lamba.

Ɗakin ya zama mai ƙofa, nesa da injin niƙa da talabijin da yara. Majinyaci ya fuskanci taga ko ƙofa yadda haske zai sauka a fuskarsa. In hasken yana bayansa, inuwa kawai lokotoro zai gani. A jingine waya jikin wani abu daidai da fuska, kada a riƙe ta a hannu tana rawa. A sa tufafi masu sauƙin ɗagawa in za a nuna ciki ko ƙafa. Littafi da alƙalami, faranti da takardu, na'urar awo, duk su kasance inda hannu zai kai.

Agogo ma yana da nasa tarko. Tunis da Yamai lokacinsu ɗaya. Faransa takan yi daidai da Nijar daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sa'an nan ta wuce ta da awa ɗaya sauran watanni. Turkiyya da Saudiyya suna gaba da awa biyu, Dubai da awa uku, Indiya da awa huɗu da rabi. Wanda asibitin Delhi ya ba ƙarfe goma na safe, ƙarfe biyar da rabi na asuba ke nan a Maraɗi. A tambaya a fili agogon wace ƙasa ake nufi, a rubuta.

Kuɗi da amana

Ɗan kasuwa ba ya aika kuɗin kaya ga wanda bai san shagonsa ba, amma sai ga shi ya aika jika hamsin ga wani mai farar riga da ya gani a Facebook. Rigar lokotoro ana sayar da ita a kasuwa. Kafin a biya ko dala, a san cikakken sunan mutum, da asibitin da yake aiki, a kira lambar asibitin ta ainihi a tabbatar. Kowace ƙasa tana da hukumar da ke rajistar likitocinta, kuma lokotoron gaskiya ba ya fushi in an tambayi rajistarsa. Wanda ya yi alkawarin warkar da sukari ko kansa cikin mako biyu, ko ya ce shi kaɗai ke sayar da maganin da ya rubuta, a guje shi. Masu shiga tsakani da ke haɗa majinyata da asibitocin waje sukan sami la'ada bisa kowane mutum da suka kai, sabili da haka in an ce sai an zo an yi aiki, a nemi ra'ayin wani ƙwararre a Yamai, Damagaram ko Maraɗi kafin a sayar da fili. A tambayi kuɗin ganawa tun farko, da abin da ya ƙunsa, a karɓi rasit. Ma'aikacin da ke da inshora ko asusun taimakon juna ya bincika ko suna biyan irin wannan ganawa kafin ya sa rai.

Hotunan jiki da takardun awo kuma asiri ne. A tabbatar da lamba kafin a danna aikawa, domin kuskuren yatsa guda yana iya kai takardar awon mutum cikin rukunin ƴan kasuwa ko na abokan aiki. Bayan an gama, a goge abin da bai kamata yara masu wasa da waya su gani ba.

Inda zuwa da kai ya fi aike

Akwai ciwon da ba ya jiran ranar ganawa, kuma ba a magance shi ta gilashi. Ciwon ƙirji mai danna mutum kamar an aza dutse, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar harshe, numfashi da ƙyar, zubar jini ga mai ciki, ciwon kai mai tsanani da kumburi ga mai ciki, jijjiga ko suma ga yaro, sanƙarewar wuya da zazzaɓi a lokacin zafi, gudawa da amai masu zuba kamar ruwa, saran maciji: duk waɗannan asibiti mafi kusa ake nufa nan take, ko da tsakar dare ne. Zazzaɓin damina ma sai an ɗiga jini an gwada kafin a san na cizon sauro ne ko wani abu dabam, kuma waya ba ta ɗiga jini. Idan lokotoro ya ce cikin ganawa lalle sai an zo ya taɓa da hannunsa, wannan ba gazawa ba ce, alama ce ta mai sanin aikinsa.

Kafin a kashe waya, majinyaci ko tafintansa ya maimaita wa lokotoro abin da ya fahimta: wane magani aka tsayar, wane aka ƙara, ƙwaya nawa, sau nawa, har yaushe, wace alama ce in an gani za a ruga asibiti, yaushe ne ganawa ta gaba. A roƙi takardar magani a rubuce, da sunan asali na kowane magani, da sa hannu da hatimi, domin sunan kasuwar Indiya ko Turkiyya ba lalle ne a same shi a farmasin Tawa ba. A kai kwafin takardar ga majo ko lokotoron garin, a liƙa ta cikin karne, sabili da ranar da ciwo ya tashi da dare shi ne zai buɗe ƙofa, na Tunis yana barci.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi na gaskiya, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai rai.